Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Masu Alhakin Ɗaga Tutocin Ƙasashe

Zuwa ga jami'an tsara tarurruka da karɓar manyan baƙi, da shugabannin ma'aikatu da makarantu, da hukumomin wasanni, da masu manyan masaukan baƙi, da duk wanda aka kafa sandar tuta a ƙofar wurin aikinsa.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu da muke ɗinka tuta, da waɗanda muke koyar da yadda ake ɗaga ta, muka haɗu muka rubuto muku wannan takarda. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abin da ya dame mu shi ne yadda ake kashe kuɗi da lokaci a kan komai na taro, daga kujera har lasifika, sai a bar tuta ga duk wanda ya fi kusa da sanda a safiyar ranar. Buƙatarmu guda ce: kowace ma'aikata ta ɗora wa mutum ɗaya, da sunansa, alhakin tuta, ta ba shi ƙa'idojin kowace tuta a rubuce, kuma kada a ja igiya sai ya duba.

Tuta magana ce da ƙasa take yi ba da baki ba, shi ya sa kuskure a kanta yake zama faɗin abin da ba a yi niyya ba. Tutar Filifin tana da shuɗi a sama, ja a ƙasa. Dokar ƙasar ta ce idan aka juya ta, ja ya koma sama, ma'anarsa ƙasa tana cikin yaƙi. A watan Satumba na 2010, a taron shugaban Amurka da shugabannin kudu maso gabashin Asiya a Niyok, haka aka kafa ta a juye, sai da Amurka ta nemi afuwa. A 2012, a gasar Olamfik ta Landan, an haska tutar Koriya ta Kudu a allon filin wasa na Gilasgo kusa da hotunan 'yan ƙwallon mata na Koriya ta Arewa. Suka fice daga fili, wasa ya yi jinkirin kusan awa guda. A 2017 Maleshiya ta buga tutar Indonesiya a kife cikin littafin buɗe gasar wasannin yankinsu, har sai da ministoci suka fito suka ba da haƙuri. Duk waɗannan manyan hukumomi ne masu ma'aikata birjik. Abin da ya ɓace a kowanne shi ne mutum ɗaya da zai tsaya da takarda a hannu ya gwada.

Mai kula da tuta ya kamata ya san abin da take nufi, domin wanda ya san ma'ana ba ya saurin kifa ta. Launi ba shi da fassara guda a duniya. Kore a tutar Najeriya, wadda Taiwo Akinkunmi ya zana a 1959 yana ɗalibi a Landan, yana nuni da noma da albarkar ƙasa, fari kuma zaman lafiya da haɗin kai. A zanensa na asali akwai jar rana a tsakiya, alƙalan gasar suka cire ta kafin a ɗaga tutar ranar 1 ga Oktoba, 1960. Kore a tutar Ailan kuwa ɗaya daga cikin al'ummomin ƙasar biyu yake wakilta, ruwan goro ɗaya al'ummar, farin da ke tsakaninsu shi ne sulhun da ake fata. A tutar Gana da Theodosia Okoh ta zana a 1957, ja jinin waɗanda suka yi fafutukar 'yanci ne, rawaya arzikin ma'adinai, baƙin tauraro kuma 'yancin Afirka. Wasu tutocin ma lissafi ne tsagwaronsa. Taurari 50 na Amurka jihohinta ne, ratsi 13 yankunan da suka kafa ta. Taurari 27 na Birazil jihohi 26 ne da yankin babban birni. Haƙora biyar na tutar Baharain, wato tsinayen da ke tsakanin fari da ja, shika-shikan Musulunci ne. Idan tela ya ƙara ɗaya ko ya rage ɗaya don yadi ya ishe shi, ya canza labarin ƙasa.

Daga nan sai tutocin da suka yi kama da juna, inda kuskure ya fi yawa. Kama da wane ba ta wane. Cadi da Romaniya duk shuɗi, rawaya, ja ne a tsaye, bambancin kawai shuɗin Cadi ya ɗan fi duhu. Kodebuwa ruwan goro ne a gefen sanda, Ailan kore ne a gefen sanda. Mali ta fara da kore ta ƙare da ja, Gini ta fara da ja ta ƙare da kore, Senegal kuwa irin ta Mali ce da koren tauraro a tsakiya. Indonesiya da Monako ja a sama fari a ƙasa, Foland fari a sama ja a ƙasa. Nijar da Indiya duk ruwan goro, fari, kore ne a kwance, amma ta Nijar da'irar tsakiyarta ruwan goro ce, rana take nufi, ta Indiya kuma mai kama da ƙafar keke ce, shuɗiya mai duhu da tsinke 24. Katar ja ce mai duhu da haƙora tara, Baharain ja ce mai haske da biyar. Matsalar ba ta yau ba ce. A gasar Olamfik ta 1936 a Balin aka gano tutar Haiti da ta Liktanstain iri ɗaya ne, shekara mai zuwa Liktanstain ta ƙara kambi a tata. Maganin wannan a ɗakin ajiya yake: a rubuta sunan ƙasa da alƙalami marar gogewa a kan farin ƙyallen da ke gefen sanda, a zana kibiya mai nuna sama. Minti ɗaya ne aikin, amma yana hana rabin kurakuran da muke gani.

Haka kuma tuta tana tsufa ta fuskar doka ko da yadinta sabo ne. Muritaniya ta ƙara jan ratsi sama da ƙasa a 2017. Libiya ta bar koriyar tutar nan zalla a 2011 ta koma ta lokacin samun 'yanci. Malawi ta sauya tata a 2010, ta dawo da tsohuwar a 2012. Kafin kowane taro a tambayi ofishin jakadancin ƙasar, a aika musu hoton wadda ke hannu, su tabbatar a rubuce. Hoton da aka tsinto a intanet ba hujja ba ne.

Yanzu ga batun awo, wanda muke roƙon ku ba shi muhimmanci fiye da yadda ake yi. Kowace tuta tana da ma'aunin faɗi da tsawo. Ta Najeriya da ta Kanada 1:2 ne, wato in faɗinta santimita 90 ne tsawonta 180. Faransa da Indiya da Jafan 2:3, Jamus 3:5, Amurka 10:19, Beljiyam 13:15, Katar 11:28. Ta Suwizalan da ta Batikan murabba'i ne, ta Nefal kuma ba mai kusurwa huɗu ba ce ma sam. Ba kowane ratsi ne daidai da ɗan'uwansa ba: rawayar Kolambiya rabin tuta ce, shuɗi da ja suka raba sauran rabin. Da'irar Jafan tana tsakiya cif, faɗinta kashi uku cikin biyar na faɗin tuta. Ta Bangaladash kuwa da gangan aka matso da ita gefen sanda, cibiyarta a kashi tara cikin ashirin na tsawon, don idan iska ta kaɗa ta a gan ta kamar a tsakiya. Wanda bai sani ba sai ya ce kuskure ne ya “gyara”. Ƙananan taurari huɗu na tutar Sin kowanne yana da tsini ɗaya da ke kallon cibiyar babban tauraro. A gasar Olamfik ta Riyo a 2016 an ɗinka su a miƙe, duk suna kallon sama, aka sha ƙorafi har aka sake wasu.

Idan za a jera tutoci da yawa, bambancin ma'auni yakan sa wata ta fi wata girma a ido. Hanya biyu ce. Ko a daidaita faɗinsu duka a bar kowace da tsawonta, ko a mayar da su ma'auni ɗaya, galibi 2:3, bayan an sami amincewar ƙasashen. In aka zaɓi ta biyu, fili ake ƙarawa ko a rage, ba a jan tambari. Mai ɗab'in da ya ja hoto a kwamfuta don ya cika yadi, shi ne yake mayar da rana ƙwai, jinjirin wata ya koma lauje. Launi ma a ba shi lambarsa ta Pantone, wato ma'aunin launuka da masu ɗab'i suke bi, idan ƙasar ta fitar, a nemi ya kawo guntun samfuri a duba shi a hasken rana, domin fitilar ɗaki tana ɓoye bambancin shuɗi da shuɗi.

Girman tuta da tsawon sanda suke tafiya. Ƙa'idar masu sana'a ita ce tsawon tuta ya kasance tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu da ɗaya cikin uku na sanda. Sanda mai mita 6 tana ɗaukar tuta mai tsawon mita 1.5 zuwa 2, mai mita 9 tana ɗaukar mita 2.25 zuwa 3, mai mita 12 kuma mita 3 zuwa 4. In ta yi ƙanƙanta sai ta zama kamar hankici a sama. In ta yi girma, nauyin iska yana lanƙwasa sanda yana cin igiya. Tazarar sanda da sanda ta wuce tsawon tuta, wato tuta mai mita 1.8 tana son aƙalla mita biyu da rabi, in ba haka ba wutsiyar wannan za ta riƙa dukan sandar waccan har ta yage. A nisanta sanda da wayar lantarki da reshen itace da katanga mai kaushi.

Yadi iri uku aka fi amfani da su. Nailan ba shi da nauyi, ƙaramar iska tana ɗaga shi, yana saurin bushewa, amma rana tana saurin cin sa. Saƙaƙƙen foliyesta ya fi ƙwari, shi ya dace da wuri mai iska da yawa, sai dai yana buƙatar iska sosai kafin ya buɗe. Auduga ta cikin ɗaki ce da fareti, a waje tana shan ruwa ta yi nauyi. Wutsiyar tuta, wato bakin da ke nesa da sanda, ita take fara mutuwa saboda bulalar iska, don haka a nemi kalmasa ninki biyu da ɗinki layi huɗu a wurin, a kuma ƙarfafa kusurwoyi. Da zarar zare ya fara warwarewa a sauke a sake kalmasa tun ɓarnar ba ta wuce yatsa biyu ba. In ta kai inda gyara zai ɓata ma'auni, ta gama aiki. Tutar da ke fita kullum daga safe zuwa yamma takan yi wata uku zuwa shida, wadda ake bari dare da rana kuma ba ta kai haka. Saboda haka kowace sanda tuta biyu take so, ɗaya a sama ɗaya a ajiye. Idan iska ta haura kilomita 50 a awa, a sauke. Kada a naɗe ta da danshi, domin fumfuna za ta kama ta, ja kuma ya zuba a kan fari.

Igiya ta zama tufkakkiya ta foliyesta mai kaurin milimita 6 zuwa 8, tsawonta ninki biyu na sanda. A duba ta duk wata, musamman inda take gogar ɗan gargaren da ke ƙoli, a canza ta tun ba ta tsinke ba: a ɗinke bakin sabuwa da na tsohuwa a ja, sabuwar ta bi ta cikin gargaren. In aka bari ta tsinke, sai an hau sama ko an kwantar da sanda.

Ɗaga tuta aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya rungume ta a ninke don kada ta taɓa ƙasa, ɗaya ya kwance igiya ya tabbatar silin biyu ba su murɗe ba. A fara ɗaura kusurwar sama, sannan ta ƙasa, a ja har gefen sanda ya miƙe sumul ba tare da ciki ba. A ɗaga ta da hanzari har ta taɓa ƙoli, domin tutar da ta tsaya taƙi biyu ƙasa da ƙoli tana sa mai wucewa ya tambayi wa ya rasu. A naɗe igiya a maɗaurinta gicciye-gicciye, a tamke. Saukewa kuma a hankali ake yi, na biyun ya tare ta da hannu kafin ta iso ƙasa. Al'adar da aka fi bi ita ce daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, in kuma za ta kwana a sama to a haska ta da fitila. Tutar ƙasa ita ke fara hawa, ita ke sauka a ƙarshe idan tana tare da ta jiha ko ta kamfani.

Tutocin ƙasashe kuwa babu babba babu ƙarama. Ba a ɗora tutar wata ƙasa a saman ta wata, ba a haɗa biyu a igiya ɗaya. Kowace da sandarta, tsawo ɗaya, girma kusan ɗaya, a ɗaga su tare a sauke su tare. Wurin daraja shi ne daman tuta ita kanta, wato hagun mai kallo, kuma nan mutane suka fi rikicewa. Ka tsaya a bayan tutocin kana fuskantar jama'a, hannunka na dama shi ne wurin. Idan tutoci biyu aka gicciya a bango, mai daraja tana wannan gefen kuma sandarta ce a gaba. A ganawar ƙasa da ƙasa, wasu ƙasashe suna riƙe wurin darajar, wasu suna bar wa baƙo, don haka a daidaita da tawagar baƙin tun kafin ranar. Shirin zaune ya fi na tsaye. In ƙasashe suna da yawa a bi jerin haruffa, a kuma bayyana harshen da aka bi, domin Jamus a Turanci da Faransanci ba wuri ɗaya take faɗawa ba. A hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya tutocin mambobi 193 jerin haruffan Turanci suke bi, na 'yan kallo biyu waɗanda ba cikakkun mambobi ba, Batikan da Falasɗinu, suna biye tun 2015. Jakada kuma yana da 'yancin kafa tutar ƙasarsa a ofishinsa da gidansa da motarsa, kamar yadda sashe na 20 na Yarjejeniyar Biyana ta 1961 kan hulɗar jakadanci ya tanada.

Rataya tuta a tsaye, kai ƙasa, yana da nasa tarkon. A tutoci irin ta Amurka, kusurwar taurari tana zama sama ta hagun mai kallo, wanda ke nufin sai an juya bayan yadin, ba karkatawa kawai ba. Wasu ƙasashe suna da samfuri na musamman don haka, yadda tambari zai tsaya daidai. Tutar Faraguwai tambarin gabanta daban, na bayanta daban. Tutar Birtaniya da mutane suke zaton ba ta da sama da ƙasa tana da su: a gefen sanda, farin ratsi mai faɗi shi ne a saman jan gicciye.

Sassauto da tuta don makoki umarni ne na hukumar ƙasa, ba ra'ayin shugaban ma'aikata ba. Yadda ake yi: a kai ta ƙoli tukuna, a ɗan dakata, sannan a sassauto. Da yamma a sake mayar da ita ƙoli kafin a sauke. Inda za ta tsaya ya bambanta. A Amurka tsakiyar sanda ne, kuma kwana 30 ake yi idan shugaban ƙasa ko tsohon shugaba ya rasu. A Birtaniya kashi biyu cikin uku na sanda ne daga ƙasa, wato kusan mita 6 a sanda mai mita 9, da sharaɗin a bar gurbin da ya kai faɗin tutar a sama. Tutocin jiha da na ma'aikata su ma a sassauto da su ko a cire, kada su fi ta ƙasa tsawo. Tutar baƙuwar ƙasa ba a sassauto da ita sai in ita ma tana makokin, gara a sauke ta gaba ɗaya a ranar. Gajeriyar sandar da aka maƙala a bango ba ta da rabi, sai a ɗaura baƙin ƙyalle a samanta.

Tutar Saudiyya ba a sassauto da ita ko da sarki ne ya rasu, saboda kalmar shahada da ke jikinta. Saboda wannan dalilin ne ake ɗinka ta falle biyu, don rubutun ya karantu daidai ta kowane gefe. Wadda aka buga a falle ɗaya rubutun bayanta a juye yake fitowa, kada ku karɓe ta daga hannun mai kawo kaya. Kada a buga ta a kan ƙwallo ko jakar zuba kaya ko wani abin da za a taka ko a yar. Duk tutar da ke ɗauke da sunan Allah, irin ta Iraƙi, a yi mata irin wannan kula.

Tuta ba mayafin tebur ba ce, ba a shimfiɗa ta a zauna, ba a rubutu a kanta, ba a manna mata tallan kamfani. Idan aka lulluɓe akwatin gawar soja ko shugaba da ita, a ɗauke ta a ninke kafin a binne. Wadda ta koɗe ko ta yage kuma ba ta shara ba ce. Ta auduga ana ƙona ta a keɓe cikin natsuwa. Ta nailan da foliyesta hayaƙinsu yana da illa, don haka a yayyanka su yadda launuka za su rabu, ba za a ƙara gane tuta ce ba, sannan a kawar. Mai rubutun addini kuwa a tuntuɓi ofishin jakadancin ƙasarta kafin a taɓa ta.

Ranku ya daɗe, abin da muke nema bai fi ƙarfinku ba. A sa sunan mai kula da tuta da na mataimakinsa a takardar aiki. A ba shi fayil mai ɗauke da hoton kowace tuta, da ma'auninta, da lambar launinta, da ranar da aka tabbatar da ita. A sa kuɗin tuta biyu da igiya a kasafin kowace shekara. Ana gobe taro a ɗaga su duka, a tsaya inda baƙi za su tsaya a duba ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ke kan allo da cikin littafin shiri da ƙananan na kan tebur, a kuma kira wakilin kowace tawaga ya ga tasa da idonsa ya sa hannu.

Mun gode da lokacinku. Allah ya taimake ku a kan aikinku.

Wassalam.

Naku,
Masu ɗinka tuta da masu koyar da ɗaga ta